Ƙugiyoyin Malam Ɗahiru, ko Yadda Za Ka Binciki Ɓarnar Kanel Ba Ka Kama Kanka Ba

Kai da aka fara kira Injiniya tun takardar gama makaranta ba ta iso hannunka ba, kai da ka haɗa wa mutanen garinku na'ura yanzu kuma ta fara hauka, matso kusa. Wannan jagora naka ne. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, an yi maka alkawarin abu biyu: za a gan ka kana bincike har gumi na ɗiga daga haɓarka, kuma binciken ba zai taɓa isowa ƙofar gidanku ba. Ba a taɓa samun wanda ya bi su duka ya kunyata ba. Mutum ɗaya ne ya kunyata, shi ma don ya ƙi bin na ƙarshe ne, kuma da shi za mu yi misali don ka ga inda ake zamewa.

Sunansa Lukmanu, ɗan wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda kanal ke raba ruwa ga masu noman rani. Ya dawo daga jami'a da kwamfuta a jaka da magana a baki, ya shawo kan ƙungiyar manoman unguwarsu cewa zamanin murɗa ƙofar ruwa da hannu ya wuce. Ya kafa akwatin ƙarfe a bakin kanal, sola a kansa, wata 'yar kwamfuta kamar tafin hannu a cikinsa. In layin manomi ya zo, a taɓa sunansa a waya, na'ura ta buɗe ƙofar da ke shayar da gonarsa. Ƙofofin takwas ne. Baba Filibus, wanda ya tsufa yana murɗa su da hannu, aka bar masa makullin akwatin ya rataya a wuya, ya zama mai gadi.

Abu ya tafi lafiya har tumatir ya fara fure. Daga nan na'ura ta soma halaye biyu. Wani lokaci ta sume haka kawai. Wani lokaci kuma, in layin Malam Ɗahiru Ɗan Ƙauye ya zo, sai ta bar ƙofarsa a rufe ta buɗe ta biyar. Ƙofa ta biyar kuwa ita ke shayar da albasar Salama, 'yar Baba Filibus. To, ga yadda ake fita daga irin wannan da rigarka fara.

Mataki na 1: Ka fahimci gonar, amma kada ka bari manoma su fahimta

Kowace kwamfuta tana da sarkin noma a cikinta, sunansa kanel. Kada ka rikita shi da kanal, ko da yake sana'arsu ɗaya ce, wato rabo. Kanel ne ke yanka memori, filin da na'ura ke ajiye abin da take tunawa, fangali-fangali: wannan na suna, wancan na lambar ƙofa, na can kuma na harkokinsa na cikin gida. In manhajar waje ta tsallake kunya ta shiga fangalin wani, nan take kanel zai damƙe ta ya kashe. Amma mai aiki a cikin kanel ɗin kansa ɗan gida ne, ba mai tambayarsa ina za shi. In ya zuba abu ya wuce kunyarsa ya malale fangalin maƙwabci, ba ihu, ba ƙararrawa. Wannan ita ce ɓarnar memori.

Lukmanu a cikin kanel ɗin ya yi nasa rubutun. Shi ya rubuta direban, wato ɓangaren da ke tuƙa injin ƙofofin, kuma ya yi alfahari da haka a shayi da majalisa har mutane suka haddace.

Gargaɗi: kada ka kuskura ka yi wa manomi bayanin nan da fangali. Zai gane kafin ka rufe baki, ya ce to kunyar wa ta ɓalle? Ka yi masa da Turanci, da sauri, kana kallon nesa.

Mataki na 2: Ka gode wa Allah, ba a ƙofar mai laifi ake faɗuwa ba

Daɗin ɓarnar memori ke nan. Wanda ya yi ta ya wuce abinsa yana fito. Sai can anjima, ko gobe, wani bawan Allah ya zo ɗaukar abin da ya ajiye a fangalinsa, ya tarar da shirme, ya yanke jiki ya faɗi. Kafin kanel ya sume yakan zubo dogon bayani a fuskar kwamfuta, kuma sunan da ke sama a bayanin na wanda ya faɗi ne, ba na wanda ya sa masa ƙafa ba.

Ka riƙe wannan bayani hannu biyu. Ran nan ya ambaci ɓangaren da ke kula da layin waya, Lukmanu ya ce matsalar netwok ce. Wata rana ya ambaci ɓangaren ajiyar bayanai, ya ce katin memori ne jabu. Mai hankali in ya ga yau wannan ya faɗi, gobe wancan, alhali ba abin da ya haɗa su, zai ce akwai mai bi yana tura su. Kai ba hankali muke nema maka ba, mafita muke nema maka.

Mataki na 3: Ka fara da waɗanda ba su da baki

Ka fara ɗora wa rana laifi. Ka ce zafi ne ke dafa na'urar, ka sa a yi mata rumfar zana. Sai batir. Sai masu ƙera allon 'yar kwamfutar, waɗanda ke wata ƙasa mai nisa kuma ba su san da kai ba. Lukmanu ya yi sa'a ta musamman, ya buɗe akwatin ya tarar da ƙadangare ya yi ɗaki a ciki. Ya ɗaga shi ta wutsiya ya nuna wa jama'a kamar ya kama ɗan fashi, aka yi ta Allah wadai da ƙadangare har aka watse.

In wani ya ce aljanun kanal ne ba a yi musu sallama ba kafin a kafa akwatin, kada ka musa, kada ka amsa. Ka ce kimiyya ba ta kammala bincike a kan wannan ba.

Duk lokacin da ta sume kuma, ka kashe ka kunna. Kashe-kunna yana share memori tas, har da duk wata shaida da ke ciki, sannan mutane su ce hannunka na da albarka.

Mataki na 4: Ka cika direban da surutu

Ka bi rubutunka ka cusa saƙonni ko'ina: na iso nan, na wuce nan, har yanzu ina raye. Wannan zai ɗan sauya tafiyar abubuwa a cikin kanel, sai ɓarnar ta koma faɗawa wani fangalin da ba kowa a ciki. Na'ura za ta yi lafiya na ɗan lokaci. Maza ka sanar cewa ka gyara. Lukmanu har tsire aka saya masa a kasuwar Bunkure. Bai gama sakace haƙori ba ƙofa ta biyar ta sake buɗewa.

Mataki na 5: Kada ka taɓa tambayar me ya canza

Duk mai neman gaskiya da wannan tambaya yake farawa: da tana lafiya, yanzu ba ta lafiya, me aka taɓa a tsakani? Tambaya ce mai hatsari, domin amsarta takan san hanyar gidanku.

Ga abin da aka taɓa. Malam Ɗahiru tsohon malamin Hausa ne na firamare, ya yi ritaya ya koma tumatir, amma jan biro bai fita daga ransa ba. Mutum ne da in ya ga allon shago an rubuta ba daidai ba sai ya tsaya ya kira mai shagon. Wata rana ya leƙa wayar Lukmanu ya ga an rubuta Dahiru Dan Kauye.

"Lukmanu, wane ne wannan?"

"Sunanka ne, Malam."

"Sunana? Ni na koya maka riƙe fensir, ka saka mini da wannan? Laƙabin kakana ne, ba na jin kunyarsa. Amma in za a ce mini ɗan ƙauye, a ce mini da ƙa'idar rubutu. Ina ƙugiyoyina?"

Nan a tsaye Lukmanu ya gyara: ƙugiya a kan Ɗahiru, ƙugiya a kan Ɗan, ƙugiya a kan Ƙauye. Malam ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ka zama mutum. A makon nan ne na'ura ta fara hauka.

Wannan ya taɓa faɗo wa Lukmanu a rai, yana tsugune yana alwala. Ya ce a'uzu billahi, ya kore shi. Haka ake so. Tunani irin wannan in ka ba shi tabarma zama zai yi.

Mataki na 6: In jama'a sun samo maka mai laifi, ka yi shiru mai kama da nazari

Wannan mataki ba ya bukatar ƙoƙari. Jama'a ba sa iya zama da ɓarna marar uba, za su nemo mata.

Da hantsi ne Malam Ɗahiru ya zo ya tarar furen tumatirinsa na zuba, ƙasa ta tsage, ga ruwa can yana kwarara cikin albasar Salama. Ya tara mutane a bakin kanal, domin tumatirin nan shi ne abincin gidansa na shekara.

"Makulli a wuyan wa yake? Ruwana gonar wa yake tafiya? Wannan lissafin ko ɗan aji ɗaya ya iya shi!"

Salama tana tsaye cikin ruwa har idon sawu, ta ce, "Malam, albasar ce ta ce maka tana son wanka? Ruɓewa fa take yi. Wa zai saci abin da zai kashe masa gona?" Ba wanda ya saurare ta, an riga an samu labari mai daɗin faɗa.

Baba Filibus bai ɗaga murya ba. "Malam, tun kana zuwa makaranta a kan keke nake murɗa ƙofofin nan. Ka taɓa jin na ƙara wa wani, ko na rage?" Sai ya juyo ga Lukmanu. "Ɗana, na'urarka ce. Faɗa musu. Hannu na iya sa ta yi haka?"

A nan ake gane gwani. Lukmanu ya shafa haɓa, ya kalli akwatin, ya kalli sama, ya ce, "To, Baba, a kimiyyance dai, duk mai makulli zai iya taɓa wayoyin cikin akwatin."

Ka lura da kyawun jimlar. Babu ƙarya a cikinta ko ɗaya, kuma ta gama da mutum. Wani daga baya ya ce ɓarawon ruwa, a gaban 'yar tsohon. Aka yanke cewa ƙungiya za ta zauna bayan kasuwa a karɓi makullin. Lukmanu ya koma gida ya kasa cin tuwo, amma wannan ba komai ba ne, yakan wuce.

Mataki na 7: Ka guji taubashiyarka, musamman in ta san aikin

Lukmanu yana da taubashiya, Ilham, 'yar kawunsa. Tare suka yi karatu, ita tana Kano tana rubuta wa na'urori umarni a wani kamfani. Ta zo garin don bikin suna, kuma tun daga zaure ta fara.

"Injiniyan ruwa! An ce na'urarka ta koyi son kai, 'yan albasa kawai take yi wa aiki."

"Ke dai ba ki da aiki. Zafi ne."

"Zafi ne ya san lamba biyar? Ka kunna KASAN?"

Abin da ya shiga kunnensa shi ne ka san, kuma ya tsaya jiran ta ƙarasa. "Na san me?"

Ta kwashe da dariya har da riƙe bango. "Kai, wannan mara gaskiyar! KASAN nake ce maka, mai gadin memori. Ko a bayan aji kake barci ranar?"

Ba barci yake ba, ya san shi sarai. KASAN wani mai gadi ne da ake haɗawa cikin kanel lokacin gwaji. Duk fangalin da aka ba wani, sai ya bar ɗan fili a gefensa ya barbaɗa toka. Wanda ya taka tokar, nan take a riƙe ƙafarsa, ba sai gobe wani ya faɗi a wata unguwa ba. Fangalin da aka mayar kuma ba ya saurin ba wa wani, killace shi yake ya ga ko tsohon mai shi zai dawo ban-ruwa a gonar da ya riga ya saki. A taƙaice, maƙiyinka ne.

Ga uzurorin da aka amince da su: yana cin memori, yana sa na'ura nauyi, manoma ba za su jure jinkiri ba. Duk gaskiya ne. Lukmanu ya jero su, Ilham ta bar shi ya gama.

"Wa ya ce ka sa a ta bakin kanal? Ba ka da allo na biyu na irin kwamfutar a ɗakinka? Ɗauko. Kuma da wane suna kake gwaji?"

"Audu."

"Audu kawai?"

"Da Audu Biyu."

"Allah ya shirye ka. Zuba sunayen mutane na gaskiya, yadda suke a wayar."

Abin da ya kamata ya yi a nan shi ne ya tuna wani aike na gaggawa a Kadawa. Bai yi ba. Ka rubuta wannan a matsayin zamewa ta farko.

Mataki na 8: Kada ka sa wa rubutunka sunanka

Suka zauna a zaure, cikin gida mata na ta guɗa. Haɗa sabon kanel da mai gadi a ciki ya ɗauki lokaci, Ilham ta cinye wainar da aka kawo musu su biyu. Aka kunna, aka fara taɓa sunaye. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Aka taɓa Ɗahiru Ɗan Ƙauye, sai fuskar kwamfuta ta cika da rubutu.

Wannan bayanin ba irin na da ba ne. Bai ambaci layin waya ba, bai ambaci kati ba, har ƙadangare ma bayanin ya wanke. Ya ce an zuba abu mai gurbi goma sha tara a fangali mai gurbi goma sha shida. Ya faɗi inda aka yanka fangalin. Sannan ya faɗi wanda ya yi zubin, da sunan da mai rubutun ya raɗa masa da hannunsa: lukmanu_ajiye_suna.

Ilham ta karanta da ƙarfi, ta sake karantawa da waƙa.

"Ba zai yiwu ba," in ji Lukmanu. "Manhajar wayar ba ta barin suna ya wuce harafi goma sha shida. Ƙirga ki gani."

Ta ƙirga da yatsu, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Goma sha shida cif. Sai ta ɗago. "Haruffa ka ƙirga, ɗan'uwa. Na'ura gurbi take ƙirgawa. Harafin Bature gurbi ɗaya yake ci. Namu mai ƙugiya biyu yake ci, shi da ƙugiyarsa. Malam yana da uku."

Shi ke nan. Sunan ya cika fangalinsa, wutsiyarsa ta tsallake kunya, haruffa uku na ƙarshe, u da y da e, suka faɗa fangalin maƙwabci. In maƙwabcin ranar lambar ƙofa ce, na'ura ta karanta u ɗin a matsayin lamba, ta raba ta a ƙofofi takwas, kullum ta sauka a ta biyar. In kuma maƙwabcin wani abin kanel ne, sai suma. Ba hannu, ba makulli, ba aljani. Uye ce kawai.

Kunya ta rufe Lukmanu, irin wadda ke sa mutum ya ji rigarsa ta yi masa nauyi. Darasi: in za ka raɗa wa rubutu suna, ka sa sunan wanda ya bar aikin.

Mataki na 9: Ka gyara a ɓoye, kuma ka iya zaɓar rana

Kada ka karaya, a nan ne jagoran nan ya fi amfani. Gyaran bai fi layi biyu ba: ka auna gurbi maimakon harafi, ka faɗaɗa fangalin, ka hana zubi wuce kunya. Ba wanda zai gani.

Sirrin yana ga lokaci. Kada ka gyara yau. Ka bari a zauna, a cire makulli daga wuyan tsoho, sannan da yamma ka je duba na'ura kamar yadda ka saba, ka zuba gyaran. Daga ranar ruwa ba zai sake ɓata hanya ba. Jama'a za su ce kun gani, tunda aka karɓe makulli abu ya daidaita. Kai ka zama Injiniya har abada, shi ya zama ɓarawo har abada, kuma na'urar da kanta ce za ta riƙa ba da shaida kullum. A duk fannin kwamfuta babu dabara mai tsabta kamar wannan.

Lukmanu ya gano dabarar da kansa, ba wanda ya koya masa, abin da ke nuna yaron yana da basira. Ilham ma ta ga ya gano. Da zai raka ta bakin titi, ta sa ƙafa ɗaya cikin adaidaita sahu ta juyo, wannan karon ba dariya.

"Ni ba zan faɗa wa kowa ba, ba na'urata ba ce. Ɗazu ka tambaye ni ka san me. To yanzu ka san me."

Mataki na 10: Ranar taro, ka zauna a kan hannuwanka

Wannan ne mataki mafi sauƙi, kuma shi ne Lukmanu ya faɗi.

Aka taru ƙarƙashin mangwaron bakin kanal. Shugaban ƙungiya ya yi addu'a, ya yi dogon bayani a kan amana. Baba Filibus bai jira a gama ba. Ya sa hannu ya cire igiyar makullin daga wuyansa, igiyar da ta yi baƙi don gumi, ya riƙe ta yana neman wanda zai miƙa wa. Salama tana gefe, ta kau da kai don kada ta gani. Abin da ake bukata daga Lukmanu a lokacin shi ne numfashi kawai.

Sai ga shi a tsaye. Shi kansa bai san sanda ya miƙe ba.

"Baba, mayar da makullinka. Ba kai ba ne. Ni ne."

Ya ce a zo a gani. Ya taɓa sunan wani, ƙofarsa ta buɗe daidai. Ya taɓa sunan Malam Ɗahiru, na'ura ta sume. Wani ya ce to ai ga shi, ba ta buɗe ta biyar ba. Ya kashe ya kunna, gumi na bin bayansa, ya sake taɓawa. Ƙofa ta biyar ta yi ƙara ta ɗaga, makulli kuwa na hannun Baba Filibus kowa na kallo. Sannan ya yi abin da aka hana tun a mataki na farko, ya yi musu bayani da fangali. Suka gane kafin ya rufe baki.

Malam Ɗahiru ya cire hula ya mayar. "Tsaya. Kana nufin sunana ne ke satar ruwana?"

"A'a, Malam. Sunanka daidai yake. Ni ne na yanka masa wurin da bai ishe shi ba, wutsiyar ta fita."

"Wace wutsiya?"

"Uye."

Wani matashi ya fashe da dariya, ta bazu har shugaban ƙungiya ya rufe baki da hannun riga. Daga ranar ba a sake ce wa Lukmanu Injiniya ba sai an ƙara Uye. Wani ya ba da shawara a cire ƙugiyoyin kowa a huta. Malam ya ce sai dai a cire na'urar. Daga nan ya taka har gaban Baba Filibus, da ƙyar ya ce, "Filibus, na zalunce ka a gaban 'yarka. Ka yafe mini." Baba Filibus ya ce ya wuce.

Amma bai mayar da makullin wuya ba tukuna. Ya jira mutane suka ragu, ya matso kusa da Lukmanu, ya yi magana a hankali yadda su biyu kawai za su ji.

"Ɗana, ranar da na tambaye ka, ka san haka?"

Mai bin wannan jagora zai ce a'a, kuma ba zai yi ƙarya ba. Lukmanu ya yi ƙasa da kai. "Ban sani ba, Baba. Amma na san inda zan duba, na ƙi dubawa."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya buɗe akwatin da hannunsa, ya ja gefe, ya ce, "To duba yanzu. Ina tsaye."

Sanarwar Wanke Hannu

Masu wannan jagora ba su da alhakin tumatirin da ya zubar da fure, ko albasar da ta ruɓe, ko ƙadangaren da aka ci wa mutunci ba da haƙƙinsa ba. Ba ruwansu da duk wanda ya miƙe tsaye a mataki na goma. Wanda ya yi haka ya yi don kansa, in yara sun bi shi a kasuwar Bunkure suna Uye, Uye, kada ya kawo ƙara nan. Lukmanu ya rasa sarautar Injiniya, ƙungiya ta ce ba zai sake taɓa na'ura ba sai ya gwada a allon ɗakinsa da mai gadi a kunne, kuma har yau in zai buɗe akwatin sai ya je ya yi sallama ya roƙi makulli. An ce yanzu yana cin tuwonsa har ya nemi ƙari, amma wannan ba hujja ba ce.

Haka kuma ba ruwansu da kai, in ka fi shi biyayya ka bi matakan har ƙarshe. Alkawari ya cika: ruwa na tafiya daidai, ana ce maka Injiniya, babu bayanin da zai sake fitowa da sunanka. Sai dai hanyar gonarku ta bakin kanal ta bi, kuma kullum za ka wuce wani tsoho zaune a ƙarƙashin mangwaro, wuyansa ba igiya, zai kuma amsa gaisuwarka da kyau. In a lokacin ka ji wani abu ya tsallake kunya a ƙirjinka, kada ka neme mu. Ba a ƙera mai gadin da ke kama wannan ba, kuma ba ka bukatarsa. Ka san wanda ya yi.